Sikelin Alhaji Labaran

Akwai wani ɗan kwangila a Sabon Garin Wudil mai suna Alhaji Labaran, a shekarun nan da kuɗin man fetur suka fara malala a ƙasa. Tifofinsa ne ke kwasar yashi daga bakin kogi zuwa gine-ginen Kano. Arziki ya zo, tumbi ya biyo baya, har ta kai in ya zauna a tabarma sai ya dafa bango kafin ya miƙe.

Wata rana jiri ya ɗebe shi, aka kai shi asibiti a Kano. Likita ya ce hawan jini ne, in bai rage ƙiba ba ya kuka da kansa.

Hankalin Labaran ya tashi, don irin wannan ciwon ne ya yi ajalin mahaifinsa. Bai bar birni ba sai da ya sayi sikelin da ake hawa, ya zo ya ajiye a gindin gadonsa.

Matarsa Indo ta ɗaura ɗamara. Ta janye man shanu daga miya, ta rage gishiri, ta koma yi masa kwaɗon zogale da tuwon dawa malmala guda. Ita ma abin da take ci ke nan, don kada ƙamshin wani abu ya tayar masa da kwaɗayi.

Sai dai Labaran ya mai da sikelin nan alƙali. Da safe ya hau, bayan azahar ya hau, da la'asar ya sake hawa. Ranar da allurar sikelin ta yi ƙasa, gida ya cika da raha. Ranar da ta ɗaga, ko kaza ba ta isa ta gifta ta gabansa ba.

Wata Juma'a ya je walima ya ci balangu mai gishiri, ya yi ta kwankwaɗar ruwa. Washegari allura ta haura. Ya ƙwala wa Indo kira.

"Ke Indo, me kike zuba mini a miya?"

"Alhaji, abin da ka saba ci ne. Ka yi haƙuri, jiki ba buhun gero ba ne. Dubi wuyan rigarka ma, ai ya yi maka yawa."

"Ƙarfe ba ya ƙarya! So kike in mutu ki ci gado."

Indo ta daɗe tana kallonsa, hawaye na zuba. Shi kuwa tsoron mutuwa ya rufe masa ido, ya sake ta. Kafin azahar ta kama hanyar gidan iyayenta a Ɗankaza.

Daga nan ba mai ce masa bari. Ya watsar da ƙwayoyin likita, ya koma shan wani jiƙon wankin ciki da ya saya a bakin titi. Ya yini yana zarya bayan gida, allura kuwa ta yi ta sauka. Murna ta kama shi, yana gaya wa abokai, "Kun gani ko? Daga tafiyarta na fara samun lafiya."

Haka ya yi ta yi, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin kogi, a gaban direbobinsa. Ya farfaɗo a gadon asibiti, ɓarin jikinsa na hagu ba ya motsi.

Da ya ba likita labari da karkataccen baki, likita ya girgiza kai.

"Alhaji, ruwan jikinka ka zubar, kitsen yana nan. Sikeli yana auna har ruwan da ka sha da tuwon da ke cikinka. Ka ci gishiri yau, gobe ya haura. Sau ɗaya a mako ake hawa, da safe, a duba abin da watanni suka nuna. Da ka dawo awo kwanakin baya ai jininka ya sauka, ƙibar ma ta ragu sosai. Wa ke yi maka girki a lokacin?"

Labaran ya juya fuska bango.

Kafin ya iya takawa da sanda, iddar Indo ta cika. Duk da haka ya sa aka kai shi Ɗankaza. Ya zauna a zauren mahaifinta yana kuka kamar yaro. Tsohon ya shiga ciki, ya jima, ya fito shi kaɗai.

"Ta ce a gaya maka ta yafe, Allah Ya ba ka lafiya. Amma gidan da aka gaskata ƙarfe aka ƙaryata ta, ba za ta koma ba."

Darasi: Awon yini guda ba ya faɗin gaskiyar jiki, nauyi yakan hau ya sauka saboda ruwa da gishiri da abinci. Mai neman rage ƙiba ya yi haƙuri, ya bi shawarar likita, kada ya huce fushin sikeli a kan mai tsaye a kan lafiyarsa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila wani ya tsira da lafiyarsa da gidansa.