Tabon Mai a Gefen Zani

Akwai wani tela da abokansa ke kira Ɗan Ƙwalisa. Ƙaramin babur ɗinsa ne ya jawo masa wannan suna. Irin ƙananan nan ne masu siririyar taya, amma ya sha ado har ya gaji. Madubi sama da ƙasa, fitilu masu canza launi, rigar sirdi mai geza da ya ɗinka da hannunsa, ga ham mai kukan tsuntsu. Kullum da safe, kafin ya buɗe shago, sai ya goge shi har ya ga fuskarsa a jikin tanki.

Amma bai taɓa durƙusawa ya leƙa ƙarƙashinsa ba.

Matarsa mace ce mai sanyin hali, wadda ko tsawa aka yi mata sai ta fara ba da haƙuri kafin ta tambayi laifinta. Ta haifa masa ɗa namiji, haihuwar fari, jikinta ya ɗan ciko kamar na kowace mai shayarwa.

Wata safiya ya ɗauke ta za su kai jaririn awo asibiti, yaron yana goye a bayanta. Suna shiga wani ɗan rami a titi sai bayan babur ya lotsa, ya yi tsalle, ya ci gaba da rawa kamar ba zai daina ba. Kan babur ya riƙa kaɗawa hagu da dama. Da ƙyar ya tsayar da shi a gefen hanya.

"Ke! Ki zauna daidai mana! Kashe mu za ki yi?"

"Wallahi ban motsa ba, Baban yaro."

"To ni na motsa? Kullum ni kaɗai ina hawa lafiya lau. Sai yau da na ɗauko ki. Ki dubi kanki fa, kin zama buhu."

Masu wucewa suna ji. Ta sunkuyar da kai, ta gyara goyonta, ta ce ya yi haƙuri.

Gaskiya ne idan shi kaɗai ne rawar ba ta cika fitowa ba, sai an ɗora nauyi a baya. Mai hankali daga nan zai fara tunani. Shi kuwa daga nan ya yanke hukunci.

A ƙofar shagonsa akwai wani dogon benci inda abokai ke zama. Da rana ya ba su labari, ya ƙara gishiri, har yana kwaikwayon yadda matarsa take zama. Mai askin da ke maƙwabtaka da shi ya riƙe ciki don dariya.

"Kai ma da gangan! Ina kai ina ɗora tirela a kan keke?"

Shi ke nan suna ya zauna. Washegari da ta kawo masa abincin rana, tun daga nesa wani ya ɗaga murya: "A ba da hanya, Tirela za ta wuce! Piiim!" Benci ya kwashe da dariya. Ta dubi mijinta ko zai ce wani abu. Muryarsa ta fi ta kowa tashi.

Jama'a, a gaban idonsa fa. Matar da ta shiga tsakanin rai da mutuwa ta haifa masa ɗa.

Akwai abin da ta lura da shi. Duk lokacin da ta sauka daga babur, sai ta tarar da baƙin tabo a gefen zaninta na hagu, wajen ƙasa. Ta wanke, bai fita ba. Ta shinshina, ba ƙanshin girki ba ne. Ta kawo masa zanin yana shan shayi.

"Ka ga wannan man? Daga jikin babur yake, wajen ƙarfen nan mai sifirin na baya. Ko za ka sa a duba?"

Ko kallon kirki bai yi wa zanin ba.

"Babur ɗin da nake gogewa kullum? Ki je kicin ki kwaso ƙazantarki ki zo ki ɗora masa? Ki saurara, daga yau ba ki ƙara hawansa sai kin rage wannan jikin."

Ba ta sake ta da maganar ba. Ranar awo ta goya ɗanta ta tafi asibiti da ƙafa, rana na dukan su. Sannan ta fara abin da ya fi komai muni. Ta cika masa kwanonsa har baki, ita kuma ta zuba nata a ɗan kofin roba. Na safe ta bari, na rana ta ɗan taɓa. Idan yunwa ta murɗa mata ciki sai ta sha ruwa ta kwanta.

Jiki ya fara zubewa. Amma kafin jikin, nono ne ya fara tafiya. Yaron ya kama ya tsotsa, ya saki, ya tsala ihu, ya sake kamawa. Kumatunsa suka faɗa. A wajen awo nas ta ɗora shi a ma'auni, ta daɗe tana kallon uwar.

"Yaron nan baya yake yi. Kina cin abinci kuwa?"

"Ina ci."

Shi kuwa uban, da kukan ya dame shi, cewa ya yi yaron rigima ce da shi irin ta dangin uwarsa.

Ana haka Inna, mahaifiyar tela, ta aiko za ta zo ganin jikanta. Tsohuwa ce 'yar firit, idan iska ta taso da ƙarfi sai an riƙe ta. Ya wanke babur, ya tafi tasha ɗauko ta. Yana fita yana shafa tanki yana ce wa abokai, "Yau dai mutum zai ɗauka, ba kaya ba."

A dawowa ya saki wuta don Inna ta ga abin da ɗanta ke hawa. Sun zo daidai kwanar da ke gaban shagonsa, inda kwalta ta ɗan fashe, bayan babur ya nutse har ya buga da ƙarfi, ya yi sama. Kan ya ƙwace daga hannunsa. Kafin ya taka birki sun zube a gaban bencin nan, madubai sun tarwatse.

Ya miƙe da gwiwa a kuje, bakinsa ya riga hankalinsa: "Haba Inna, ke ma kin..."

Inna tana zaune a ƙasa, ta tallafe hannunta da ya karye a wuyan hannu, tana kallonsa. Ba ta yi ihu ba.

Wani bakanike da ke gefen titi ya zo ya ɗaga babur. Ya danna sirdi da hannu ɗaya, bayan ya nutse ya riƙa lilo. Ya shafo shokozoba ta hagu, wato ƙarfen nan mai sifirin da ke shanye girgiza, yatsunsa suka yi baƙi.

"Wannan ta daɗe da mutuwa, man cikinta ya tsiyaye tas. Yanzu ko kaza ka ɗora a baya sai ya yi rawa."

Babu wanda ya yi dariya a benci.

An ɗora wa Inna hannu a asibiti, aka kawo ta gida. Matar tela ce ta karɓe ta, ta yi mata shimfiɗa, ta cire mata zanin da ta faɗi da shi ta wanke. Washegari Inna tana zaune a inuwa sai ta ga zannuwa biyu a kan igiya, nata da na surukarta. Kowanne da baƙin tabo a gefen hagu, wuri ɗaya, kamar an auna.

"'Yar nan, zo. Nawa na san inda ya samo. Naki fa?"

Matar ta taso za ta amsa, jiri ya ɗebe ta, sai da ta dafa bango. Inna ta dubi ƙasusuwan wuyanta. Ta dubi jikanta da ke tsotsar hannu yana kukan da ba ƙarfi. Ta dubi ɗan kofin roba da aka rufe a gefe.

"Wannan abincin wa?"

"Nawa ne, Inna."

"Zauna. Ki faɗa mini komai, kada ki rufa masa asiri ko na kalma ɗaya."

Da ƙyar maganar ta fito, tana yi tana share hawaye, tana cewa ba laifinsa ba ne sosai. Inna ta saurara har ƙarshe. Da ɗanta ya shigo, ko gaisuwarsa ba ta amsa ba.

"Ɗauko zannuwan can ka biyo ni."

Da ƙafa suka tafi, tsohuwa a gaba da hannu a rataye, shi a baya da zannuwan mata a kafaɗa, unguwa na kallo. Ta tsaya a gaban benci.

"Wane ne ya raɗa wa surukata Tirela?"

Mai aski ya shiga neman wani abu a aljihunsa.

"To ga ni. Ku dube ni da kyau. Ni ma tirelar ce? Ni ma buhun ce? Kai kuma," ta juyo kan ɗanta, "buɗe zannuwan nan su gani. Ta kawo maka shaida har hannu, ka ce ƙazantarta ce. Ka sayi madubi har ba wurin sawa, duk ba ka ga fuskar ɗanka tana ƙanƙancewa ba. Hannuna zai warke. Amma da yaron nan ya mutu da yunwa a gidan da ake dafa abinci kullum, me za ka faɗa wa Allah? Cewa za ka yi ta ƙi zama daidai?"

Ɗan Ƙwalisa ya durƙusa a kan kwalta, a gaban waɗanda ya saba ba dariya. Ranar ce karo na farko da ya yi ƙasa har ya ga ƙarƙashin babur ɗinsa, da ke jingine a bango. Man yana nan, baƙi ƙirin, ƙura ta manne masa.

Ya tura shi wajen bakanike. Canza ƙarfen bai ɗauki lokacin da yake ɗauka yana gogar tanki da safe ba.

Gyaran gida ne ya daɗe. Inna ta ƙi komawa. Ta jefar da kofin roba, ta sa surukarta cin abinci kwano ɗaya da ita, tana tura mata nama da hannunta mai lafiya tana cewa, "Ci, jikana kike ciyarwa, kuma ko ba shi kin cancanci ki ƙoshi." A hankali nono ya dawo, kumatun yaro suka ciko, kukansa ya yi ƙarfi har maƙwabta na ji.

Da ranar awo ta zagayo, tela ya fito da babur ƙofar gida, ya share sirdi, ya kwantar da murya.

"Uwar yaro, zo mu tafi. Yanzu ko motsi ba ya yi."

Ta gama ɗaure goyonta, ta dube shi, ba fushi a fuskarta, ba murmushi.

"Na sani. Dama ba ni ce ke motsa shi ba. Ka bari kawai, na saba da ƙafa."

Ta wuce. Ya tsaya riƙe da babur na ɗan lokaci, sannan ya jingine shi, ya karɓi jakar yaron daga hannun Inna, ya bi bayanta da ƙafa.

Darasi: Idan abu ya fara tangal-tangal a hannunka, ka durƙusa ka duba naka kafin ka ɗora laifi a kan wanda ba ya iya mayar maka da magana. Mai haƙuri yakan karɓi laifin da ba nasa ba har ya cutar da kansa, kuma matarka ba abin ba abokai dariya ba ce. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman masu ɗaukar iyali a babur, wataƙila wani ya duba nasa tun kafin a kai ga asibiti.