Cukun Tsoho Nomau

An ce wai a wani gari da ake kira Rijiyar Dakwara, can kan hanyar da ayarin Azbin ke bi in za su gangaro kudu, an yi wani dattijo mai suna Nomau, wanda duk ƙasar ta san shi da cuku. Mutanen garin nan ba su da abin gardama da ya wuce cuku. Wani ya ce na akuya ya fi, don yana da ɗan kaifi a harshe; wani ya ce na saniya, saboda maiƙonsa. Akwai masu gasa busasshe a kan garwashi su ci da shayi, akwai masu daka shi da dabino, akwai matan da ba sa dama fura sai sun marmasa shi a ciki. Amma in aka zo kan wanda ya fi iya yin sa, sai baki ya zo ɗaya: na gidan Nomau.

Nomau ya haifi 'ya'ya maza uku. Babban, Barmo, ya shiga fatauci ya zauna a kudu. Na biyu, Ɗanjimma, ya koma birni yana ɗinki. Autan, Mantau, shi ya tsaya gida, ya auri wata mai suna Tasalla, suka ci gaba da kiwon awaki da yin cuku tare da tsohon. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ba a jima ba zazzaɓi ya ɗauke Mantau. Da Tasalla ta gama takaba danginta suka zo tafiya da ita. Ta dubi surukinta zaune shi kaɗai a gindin rumfa, matarsa ta daɗe da rasuwa, idonsa ya fara dushewa, ta ce a bari sai bayan damina. Damina huɗu ta wuce tana faɗin haka, har waɗanda ke zuwa kiran ta suka ƙare, wasu da mutuwa, wasu da gajiya.

Sai fari ya zo. Shekara biyu sama ba ta yi abin kirki ba. Awaki suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage kuwa sai Tasalla ta matsa hantsarsu ta sami abin da bai rufe gindin ƙwarya ba. A cikin wannan hali ciwon ajali ya kama Nomau. Kwana uku kafin ya cika ya sa aka kira liman da dattawa biyu, ya ce musu, "Ku shaida. Sulusin awakina da ɗakin nan na shanya cuku, na bar su ga wanda ya san cukun da nake so da yadda nake son cin sa. Saura a raba yadda Allah ya ce."

Barmo da Ɗanjimma ba su iske jana'iza ba. Sun iso ranar sadakar bakwai. Da liman ya faɗa musu wasiyyar, Barmo ya yi murmushi ya ce ai wannan ba abin wahala ba ne, shi ne ɗan fari, a gabansa aka yi komai. Ɗanjimma ya ce shi ma ba a bayan gari aka haife shi ba. Suka yi ta ja-in-ja, amma abu ɗaya suka yarda a kai: za a sayar da gida da awaki, kowa ya koma inda ya fito.

Tasalla tana bakin murhu tana jin su. Babu wanda ya tambaye ta inda za ta. Da ta kawo musu ruwa, Barmo ya ce, "Tasalla, kin yi ƙoƙari, Allah ya saka. Sai ki fara haɗa kayanki."

Ta ce, "To, Yaya."

Ta koma ta zauna. Gidan ubanta ya zama kango tun farkon fari, ba ta da wurin zuwa. Abin da ya fi cin ranta kuwa shi ne, da ta tambayi kanta wane cuku Baba yake so, sai ta ga ba ta da amsa. Shekara shida tana ciyar da shi, bai taɓa ce mata ga wanda ya fi so ba.

Da gardamar 'yan'uwan ta ƙi ƙarewa, aka kai maganar gaban alƙalin garin, Malam Ukashatu, mutum mai ƙarancin magana, wanda aka ce bai taɓa yanke hukunci ranar da aka kawo ƙara ba. Ya saurari liman da shaidu, ya sa suka maimaita kalmomin mamacin har sau uku. Sa'an nan ya tambayi ko akwai wani da ke zaune a gidan. Aka ce sai matar marigayi Mantau. Ya ce a kira ta.

Barmo ya fara. "Allah gafarta Malam, mahaifina busasshen cukun akuya yake so, wanda ya yi wata uku a rataye har ya yi tauri kamar ƙashi. Yakan ɗora shi a garwashi sai ya kumbura ya yi ja, ya gutsura da haƙori kana jin ƙarar daga zaure, ya kora da shayi mai ɗaci. Ga mutum biyu da suka yi tafiya da shi, a tambaye su."

Aka tambaye su, suka rantse haka ne.

Ɗanjimma ya ce, "Allah gafarta Malam, Yaya ya manta. Na saniya Baba yake so, a daka shi a turmi da dabino da ɗan gero, a dunƙula. Da hannuna na sha daka masa." Shi ma ya kawo shaidu biyu, suka rantse.

Alƙali ya juya ga Tasalla. "Ke fa, 'yata?"

Ta durƙusa. "Allah gafarta Malam, ban sani ba."

Mutane suka yi guna-guni. Ɗanjimma ya ce, "To, ka ji. Ita da kanta ta fita."

Alƙali ya auna maganar. Shaidu huɗu ne a gabansa, duk mutanen kirki, kuma maganarsu ta saɓa. In ya gaskata biyu ya ƙaryata biyu. Wanda zai raba gardamar kuwa yana cikin ƙasa. Daga bisani ya tambayi liman, "A cikin sa'o'in marigayi, wa ya rage da rai?"

Liman ya ce, "Sai Baba Gagare. Shekararsu ɗaya, tare aka yi musu kaciya."

Alƙali ya ce, "Gobe da hantsi a kawo mini shi. Ku ukun nan kowa ya zo da cuku da kayan haɗinsa, ya ba Gagare kamar yadda zai ba Nomau."

Washegari aka ɗauko Baba Gagare a kan jaki, aka zaunar da shi a tabarma, aka jingina shi da bango. Barmo ya hura garwashi ya gasa nasa, ƙanshi ya cika zauren har masu kallo suna haɗiyar yawu, don an daɗe ba a ji irinsa ba a garin. Ya ajiye a gaban tsohon, ya koma ya tsaya yana duban alƙali. Gagare ya ɗauka ya kai baki, ya juya shi dama, ya juya shi hagu. Da ya fito da shi, ko alamar cizo babu, sai ɗan jini a gefensa. Ya ce, "Ɗana, cukun ya yi kyau. Bakin ne ba ya nan."

Ɗanjimma ya miƙa nasa dunƙulen, ya ja da baya shi ma. Gagare ya gutsuri kaɗan ya yi ƙoƙarin haɗiyewa, garin ya tsaya masa a maƙogwaro, ya kama tari har hawaye suka zubo. Kafin kowa ya motsa, Tasalla ta riga ta isa da ruwa, tana shafa masa baya.

Da tarin ya lafa ta ce, "Baba, yau maƙogwaron yana karɓar mai ɗumi, ko sai mai sanyi?"

Ya ce, "Mai ɗumi, 'yar nan."

Ta ɗauko 'yar madarar da ta tatso da safe ta ɗumama, ta ɓalli cuku ɗanye, na jiya, wanda bai ga rana ba, ta murje shi da yatsu a ciki har ya narke, ta tace da ƙyalle mai tsabta. Ta zauna a ƙasa gefensa, ta kurɓa ta ji ɗuminsa, sa'an nan ta riƙa ba shi da ƙaramin ludayi, tana jira sai ya haɗiye kafin ta ƙara. Ta ɗauki guntun busasshen da Barmo ya gasa tana ci a hankali, tana yi wa tsohon hirar akuyar da ta haihu a tsakiyar fari. Ta manta da alƙali, ta manta da taro. Gagare ya shanye tas, ya jingina kai da bango ya rufe ido.

Alƙali ya ce, "Me ya sa kike ci ke ma?"

Ta firgita, ta ajiye guntun. "A gafarce ni, Malam, sabo ne. Baba marigayi ba ya iya ci in shi kaɗai ne. Yakan ce in zauna in ci mai tauri kusa da shi, yana so ya ji ƙarar."

"Jiya kuma kika ce ba ki sani ba."

"Ban san wanda yake so ba, Malam. Na san dai wanda yake iya haɗiyewa. Shi ma kullum yana sakewa, sai na tambaya."

Malam Ukashatu ya gyara zama, ya dubi 'yan'uwan biyu.

"Barmo, ba ka yi ƙarya ba, shaidunka ma ba su yi ba. Mahaifinka ya so gasasshe, a lokacin da yake da haƙora talatin. Yaushe rabonka da cin abinci ƙwarya ɗaya da shi?"

Barmo ya sunkuyar da kai. "An kusa shekara ashirin."

"Kai ma Ɗanjimma gaskiya ka faɗa. Ya koma dakakke da turamen haƙoransa suka zube. Yaushe rabonka?"

"Shekara tara, Allah gafarta Malam."

Alƙali ya ce, "Na sa shaidu sun maimaita mini maganarsa sau uku don kalma ɗaya. Bai ce cukun da na so ba. Cewa ya yi cukun da nake so. Kowannenku ya kawo mini uban da ya bari ranar da ya fita daga gida, ya ɗauka yana nan zaune yadda ya bar shi. Wancan uban ya daɗe da wucewa, ba ku zo ta'aziyyarsa ba. Wanda ya yi wasiyyar nan tsoho ne marar haƙori, kuma mutum ɗaya ne a cikin ku uku ya san shi.

"Akwai kuma abin da ban faɗa muku jiya ba. Ba a yi wa magaji wasiyya, kuma Nomau ya yi shekara sittin yana zama gaban malamai, ya san haka sarai. Da ma sulusin nan ba zai zo hannunku ta wannan hanya ba. Ko dai ya tafi ga wanda ba magaji ba, ko ya koma cikin gado. Da ya so, sai ya ambaci sunanta kawai. Ina ganin bai ambata ba ne don yana so ku tsaya gaban jama'a a yi muku wannan tambaya, ku ji amsar da za ta fito daga bakinku. Sulusi da ɗakin shanya na Tasalla ne. Saura ku raba."

Aka ɗora Baba Gagare a kan jakinsa, taro ya watse a hankali, kowa da abin da yake tunani game da nasa gidan.

Tasalla ba ta ji daɗin da ta zata za ta ji ba. Ta koma ta iske awakinta ramammu suna lasar ƙasa, tabarmar tsohon tana naɗe a jikin rumfa. Ɗanjimma ya sayar da rabonsa ya tafi bai yi mata sallama ba. Barmo ya ƙara kwana biyu. Ranar da zai tafi, bayan ya ɗaure kayansa, ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin shanya.

Can ya ce, "Tasalla, ina so in tambaye ki, kada ki ɓoye mini. Baba yana tambayar labarina?"

Ta so ta yi masa ƙarya, ta ga bai zo don ƙarya ba. Ta ce, "Farkon zamana da shi, kullum, Yaya. Daga baya sai ranar da ayari ya sauka, ya ce in je in duba ko kana ciki. Shekara biyun ƙarshe ya daina."

"Ya yi fushi ke nan."

"A'a. Da fushi ya yi, da ya ci gaba da ambaton ka."

Barmo ya dafa bango. Mutum ne mai furfura a gemu, amma ta ga hawaye na gangaro masa. Ta kawar da ido don kada ta kunyata shi. Ya juya ya bi hanyar kudu, ba a sake ganin sa a Rijiyar Dakwara ba.

Masu hikima suka ce: sanin mutum ba kaya ba ne da za ka ajiye ka dawo ka iske, wanda ya daina zama da nasa, ya fara rasa shi tun yana da rai.