Jakin da Ya Daina Zagaye

Ga wata nan na ɗauko muku!
Sauke ta mu ji.

Wani Jaki ne ya tashi a wurin matsar rake, kullum yana zagaye yana juya injin mazarƙwaila. Da aka daina sana'ar aka sake shi, sai ya sami kututture a bakin daji ya ci gaba da zagayensa. Ciyawar wurin ta ƙare, haƙarƙarinsa duk ya fito.

Hankaka ya ce, "Malam Jaki, ga fadama can koriya shar, miƙe mana!"

Jaki ya ce, "Ai ni ƙafafuna ba su iya miƙewa ba. Haka aka halicce ni."

Ashe Kura na ji. Ta ce, "Nama mai kawo kansa! Me zai sa in yi gudu?" Ta zauna kan hanyarsa, ta wage baki.

Jaki ya zagayo, ya yi arba da haƙora. Bai tsaya shawara da ƙafafunsa ba, ya kauce ya miƙe sambal, sai fadama. Can ya dubi ƙafafun nasa ya ce, "Ashe sharri nake muku!"

Kura kuwa har yau tana nan baki buɗe, wai zai zagayo.

Ƙurunƙus kan kura mai jira!