Gahawar Abu Walid

Akwai wani dattijo a unguwar Jurf mai suna Malam Balarabe, Bakano, shekararsa talatin da ɗaya yana tuƙi a Madina. Wata ƙungiyar agaji ta haɗa shi da Abu Walid, manomi ɗan Siriya da yaƙi ya raba da itatuwan zaitun ɗinsa, don ya koya masa zaman gari.

Munirat, mai kula da shirin, ta miƙa wa Balarabe takarda. "Baba, ka fara da tambayarsa al'adun garinsu."

"Ni za a ba wa waraƙa? Tun ba a haife ki ba nake Madina."

Kullum bayan la'asar sai ya je gidan Abu Walid ya yi ta zuba bayani. Can a kawo gahawa, ya shanye, ya gyara zama. A sake kawowa, ya ce, "Masha Allah, mutanen Sham akwai karamci!"

Da ƙyar ƙungiyar ta samo wa Abu Walid aiki a wata gonar dabino a Ƙuba. Gurbi ɗaya ne, ga 'ya'ya huɗu a gida. Saura kawai mai gonar ya gan shi.

Balarabe ya raka shi wurin mai gonar. Suna zama aka zuba musu gahawa, yadda ake tarbar baƙo a Madina. Fuskar Abu Walid ta canza. Ya kurɓa, ya yi godiya, ya fice.

Balarabe ya bi shi da takalmi ƙafa ɗaya. "Ya akhi, lafiya?"

"Ya Hajji, ai ya sallame ni. A garinmu gahawa ce ƙarshen ziyara. In an kawo ta, baƙo ya tashi ke nan."

Balarabe ya ce, "To, wadda matarka Ummu Walid ke aiko mini har sau uku fa?"

Abu Walid ya dubi ƙasa. "Ran Talata sau huɗu ne."

Balarabe ya koma ciki, ya faɗa wa mai gonar gaskiya, har da nasa abin kunyar. Mutumin ya yi dariya har da hawaye, ya ce a kirawo Abu Walid ya fara aiki gobe.

Washegari Balarabe ya je wurin Munirat. "'Yata, ina waraƙar nan?"

Yanzu da zarar ya ji ƙamshin gahawa a gidan Abu Walid, sai ya fara laluben takalmi.

Darasi: Wanda zai koya wa baƙo al'adar gari, ya fara tambayarsa tasa. Daɗewa a wuri ba ta sa a san komai. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu daɗewa a gidan mutane.