Tsohon Zare a Keken Wibin

Akwai wata mata mai ɗinki a gida. Hannunta yana da kyau, sai dai duk rigar da ta ɗinka, da an wanke ta sai bakin yadin ya fara warwarewa ta ciki. Kullum tana hanyar kai wa wani tela ya yi mata wibin, wato ɗaurin bakin yadi, shi kuwa ya yi ta ja mata rai, yau babu wuta, gobe ya tafi biki. Abin ya ishe ta. Ga shi ran Lahadi za a yi wa 'yarta ta fari baftisma, ta kuma riga ta yi mata alkawarin farar riga ɗinkin hannun uwa.

Sai ta tashi ta tafi kasuwa sayen keken wibin nata na kanta, wato keken da ke datse bakin yadi da wuƙa yana ɗaure shi da zare huɗu.

Mai shagon, wani dattijo, ya nuna mata guda biyu iri ɗaya. Ɗaya yana cikin kwali, ba a taɓa buɗe shi ba. Ɗayan yana kan tebur, an riga an zura masa ragowar tsofaffin zaruruwa, wannan ja, wancan kore, ba kyan gani.

Ya ce, "'Yata, ɗauki na kan tebur. In kin je gida kada ki zare komai. Ki ƙulla sabon zarenki a jikin tsohon, ki ja a hankali. Tsohon ya san hanya."

Matar ta yamutsa fuska. Ta ce, "Baba, ni da na girma a kan keke, zura zare za a koya mini? Ba ni na kwali."

Ya roƙa ta bari ya zura mata kafin ta tafi, ta ce mota za ta tashi ta bar ta.

Da ta isa gida ta buɗe cikin keken, sai ta ga ƙugiyoyi da ramuka birjik, kowane zare da tasa hanyar. Ta zura yadda ta ga dama, ta ɗora rigar baftismar a kan keken, ta taka. Keken bai yi gardama ba. Wuƙa ta datse bakin yadin tas, amma ko ɗinki ɗaya bai kama ba. Ta yi tsaki, ta sake zurawa, ta taka. Wuƙa ta ƙara ci. Mai hankali da ya tsaya ya gwada a kan tsumma, amma ina, haushi ya riga ya rufe mata ido. Ta zagi keken, ta zagi mai shagon, ta zagi telan da ba ya nan, wuƙa kuwa tana ta aikinta.

Da yarinyar ta zo gwadawa, rigar ta ƙi wuce kafaɗarta. Ta dubi farin ƙyallen da ya zube a ƙasa, ta je ta ɗauko tsohuwar rigarta ta fara wankewa. Wannan ya fi komai yi wa uwar ciwo.

Ma'anar wannan misali ita ce, tsohon zaren shi ne waɗanda suka riga mu bin Ubangiji, iyaye da dattawan ikilisiya. Wataƙila sun koɗe, wataƙila ba sa burge ku, amma sun bi ta kowane lungu da za ku bi. Ni kam na gaji da ganin masu sabon ɗoki suna cewa ba sa bukatar kowa ya koya musu. A ba su shugabancin matasa ko na mawaƙa, su ƙi tambaya, su yi ta gyara mutane da kaifin baki, har ƙungiya ta watse suna mamaki. Ku lura, keken bai daina yanka ba, ɗaurewa ce ya kasa. Haka mutumin da ya ƙi ƙulluwa da na gaba da shi yake, kuma na kusa da shi ne suke shan wahala.

Saboda haka, yau kafin ka bar harabar majami'ar nan, nemi tsohon nan da kake wucewa ba gaisuwa, ka zauna kusa da shi, ka yi tambaya.