Gurasar Da Ba a San Mai Ita Ba

An yi wani mutum a wani gari, can da daɗewa, wani bawan Allah baduku, ana ce masa Tanimu. Ku saurara, jama'a. Mutumin nan in fata ce ko allura, gwani ne. Amma girki? Ko ruwan zafi bai taɓa ɗorawa ba.

Sai matarsa Hansai ta kwanta ciwo. Kwana huɗu ba ta sa komai a baki ba. A kawo kunu ta kau da kai, a kawo fura ta kau da kai. Rana ta biyar ta ce, "Malam, gurasar dabino nake marmari, mai gyaɗa da kayan ƙamshi."

Tanimu ya zabura. Tana kwance tana faɗa masa, shi kuma yana ta kai da kawowa: ya jiƙa dabino, ya daka citta da kanumfari, ya soya gyaɗa, ya kwaɓa garin alkama har gemunsa ya yi fari.

To, a unguwar nan gidansu kaɗai ke da tanderu, duk macen da ta ga hayaƙi sai ta kawo ƙullunta a gasa mata. Sai ga wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Gwaggo Lantana, da nata ƙullun, ita ma na dabino. Ta dangwala yatsa uku a kai, ta ce, "Ga shaidata nan," ta tafi.

Tanimu ya saka duka biyun a tanderu. Bawan Allah bai san ƙullu na tashi ba! Da ya buɗe tanderu, shaida ta shafe. Gurasa biyu, girma ɗaya. Guda ta yi ja, tana ƙamshi. Guda ta ƙone ƙurmus.

Ya juya wannan, ya juya waccan. Ya shinshina, hancinsa duk hayaƙi. "Tawa na sa kusa da wuta? A'a, tata ce. Kai, ko na sauya su?" Hansai kuwa daga ɗaki tana cewa, "Malam, ta gasu?" Ya ce, "Ta gasu... ba ta gasu ba... ina zuwa!"

Ku ji fa. Babu wanda ya gani. Zuciya ta ce masa, "Ɗauki mai kyau, ai ba ka tabbatar ba taka ba ce." Wallahi ya miƙa hannu. Sai ya ce a ransa, "Ban kuma tabbatar tawa ba ce." Tausayin matarsa ya kama shi har ya yi ƙwalla, amma ya ɗora duka biyun a faifai ya nufi gidan tsohuwa.

Ya ce, "Gwaggo, na rikice. Ban san taki ba."

Ta gutsuri mai kyau ta tauna. "Babu kanumfari a ciki, ni kuwa ba na sa kanumfari. Wannan tawa ce."

Tanimu ya ce, "To, alhamdu lillahi," ya juya da ƙonanniya.

Ta ce, "Tsaya, sarkin girki! Wa za ka kai wa gawayin nan?" Ya gaya mata. Tsohuwa ta yafa mayafi. "Tunda tawa ce, ni zan bayar. Wuce mu je." Da hannunta ta riƙa ba Hansai, har ta ci rabi ta nemi ruwa.

To jama'a, gurasar nan dai ita ce, bakin da ya ci shi ne. Da Tanimu ya ɗauka a ɓoye, haƙƙin tsohuwa zai ciyar da matarsa. Da ya je ya tambaya, sai ta ci halal.

In ka rikice tsakanin naka da na wani, kada ka yanke wa kanka hukunci, je ka tambayi mai shi. Kai da ke noma, kunyar nan ta kan iyaka da kake cewa ba ka tabbatar ba, kullum gonarka take faɗawa. Ka taɓa zuwa ka tambaya? Allah Ya tsare mu da cin haƙƙin wani.