Ɗinkin Ranar Ciwo

Akwai wata mace a wani gari, ana ce mata Maman Keziya. Sunanta na gaskiya kuwa, ko mijinta sai ya yi tunani kafin ya tuna.

Garin nan suna da wata al'ada. In mace ta haifi 'ya, ba ta yar da ƙyallen kayan yarinyar ko ɗaya. Zanin goyo ya tsufa, a yanki inda ya rage da kyau a ajiye. Rigar Kirsimeti ta matse, a yanka a ajiye. Haka kayan makaranta, haka rigar mawaƙan coci. Uwar za ta yi ta harhaɗa su, tafin hannu tafin hannu, har su zama ƙaton zanin gado. Ranar biki kuma amarya ba ta shiga gidan ango da ƙafarta. A ƙofar gida za a shimfiɗa zanin, ta zauna a tsakiya, matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, su kama gefe-gefe su ɗaga ta su shiga da ita da waƙa. In zani ya riƙe, a ce uwa ta yi riƙo. In ya yage, to. Akwai wadda ta zube a ƙofar miji shekara talatin da suka wuce, har yau jikokinta ana ce musu jikokin Ta-Zube.

To, Maman Keziya tana da ciwon gaɓɓai, irin wanda ba ya tafiya, sai dai ya ba mutum hutu. Wani mako ta tashi garau kamar budurwa. Wani mako gwiwoyinta su kumbura kamar kabewa, yatsu su sandare, ko murfin tukunya sai an ɗaga mata. Ga 'ya'ya uku, Keziya ce babba. A tsakanin wanka da tuwo da raba faɗa take ɗinkinta.

Ranar da ta tashi lafiya, sai ta ce yau za ta rama kwanakin da ciwo ya cinye mata. Ta hau keken ɗinki ta yi ta taka shi, har maƙwabta su ɗauka jirgin ƙasa ne ya ɓace hanya. Don sauri ta kan buɗe wa keken taku, zare ya riƙa tsallake da faɗi, in ta kai ƙarshen layi ko ƙulli ba ta tsayawa yi. Ƙyalle goma kafin rana ta take. Layi kuwa ya fito a miƙe sambal, abin sha'awa.

Ranar ciwo gwiwa ba ta taka keke. Sai ta kwanta a tabarma da allura. Da yake ba ta amince da yatsunta ba, sai ta ruɓanya zare biyu. Ta soka, ta ja, ta huta. Ta ce a ranta, anya wannan ya kama? Ta koma baya ta sake bi ta kansa, ta ƙulle, ta ce, "Ubangiji, riƙe min." Yini guda ƙyalle ɗaya. Shi ma ya fito a karkace kamar sawun kaza a tsakar gida. Zura zare a allura kaɗai ya kan ci mata rabin safiya. Da ina kusa da na taimaka, don ni na taɓa zura zare ina kan jaki yana gudu. Kada ku tambayi matata, ba ta nan ranar.

A haka shekara ashirin da biyu ta wuce. Keziya ta girma, wani saurayi mai gyaran rediyo ya zo ya yi gaisuwa, aka sa rana.

Saura kwana shida biki, Maman Keziya ta sa aka baza zanin a tsakar gida, cikin rana. Ba ta taɓa ganinsa duka a buɗe ba sai ranar. Ta duba da kyau. Ɗinkin ranar ciwo ya bazu ko'ina, nan karkace, can dunƙule, ya ratsa kyawawan layukan keke ta kowace kusurwa. Ashe kwanakin da ta yi a kwance sun fi waɗanda ta yi a tsaye yawa. Ta ce a ranta, waɗannan ne za su zubar min da 'ya a gaban surukai, ɗinkin majinyaci ina zai ɗauki mutum? Ta yanke shawara a farke su duka a sake bi da keke. Sai dai a makon ciwon ya zo mata biki shi ma, ba a gayyace shi ba. Ko reza ba ta iya riƙewa.

Sai ta aika a kira yayar mijinta, Goggo Afiniki. Ita wannan Goggo, Allah ya yi mata jiki. In ta zauna a bencin coci, na ɗaya gefen sai sun riƙe juna. Baki kuma ya fi jikin.

"Yaya, ki taimaka ki farke min munanan nan," in ji Maman Keziya. "In kin gama sai a sami mai ƙafa ta bi da keke."

Goggo ta zauna da reza. Ta yanka nan, zare na biyu ya riƙe. Ta yanka na biyu, ta tarar da ƙulli. Ta wuce ƙulli, ta tarar an sake bi ta baya. Har rana ta yi tsaka ba ta raba ƙyalle ɗaya da ɗan'uwansa ba, gumi ya jiƙa mata ɗankwali.

"Matar ƙanena, wannan ɗinki kika yi ko walda?"

"Ki yi haƙuri, Yaya. Ba ni da lafiya lokacin."

"To ni ma na kusa rasa tawa. Kafin in ƙarar da yatsuna, bari mu gwada shi yadda yake. In ya ɗauke ni, zai ɗauki Keziya da angon da rediyoyinsa."

"Yaya, a cire munanan tukuna, su za su ba mu kunya."

Goggo ba ta saurare ta ba. Ta leƙa ta katanga ta kira matan da ke ɓarar gyaɗa a maƙwabta, mata takwas, har da Uwar Zumunta, shugabarsu. Ta je tsakiyar zani ta zauna, ta rufe fuska da gyale tana yauƙi irin na amare. Mata suka kama gefe, suka ɗauki waƙa, suka ɗaga.

Sai aka ji ƙyat. Aka sake jin ƙyaaat. Ƙafar Goggo ta dama ta ɓullo ta ƙasa. Ta hagu ta biyo ta. Maman Keziya ta rufe ido tana jiran ƙarar faɗuwa.

Ba a ji komai ba, sai dariya.

Ta buɗe ido. Ga Goggo a sama, ƙafafu na lilo, ta zauna daram kamar kifi a cikin raga. Zani ya buɗe baki wuri bakwai, amma akwai abin da ya riƙe ta.

"Ku sauke ni a hankali," in ji Goggo. "Ni ba mai jirana a ɗaki."

Da aka sauke ta aka zare mata ƙafafu, Maman Keziya ta ja jiki ta zo kan zanin, ta bi yagar ɗaya bayan ɗaya da ido. Duk inda ya buɗe, miƙaƙƙen layin keke ne, na ranakun da ta tashi da ƙarfinta. Zaren ya zare tun daga farko har ƙarshe, don ba ƙulli. Sawun kazar nan kuwa ko gezau. Su ne suka sarƙe suka ɗauki Goggo, har da wanda aka yi rabin yini ana sara da reza.

Mata suna ta dariya, ita kuwa lissafi take yi. Kwana shida, ga zani a yage, ga hannu a kumbure.

Ana cikin haka Keziya ta dawo daga wurin kitso. Ta ga zani, ta ga Goggonta tana sosa baya, ba sai an faɗa mata ba. Ta durƙusa kusa da uwarta ta ɗora yatsa a kan wani karkataccen ɗinki, inda aka haɗa zanin goyo da shuɗin kayan makaranta.

"Mama, wannan ai na san shi. Ranar da kika ce in hau bayanki in riƙa taka miki, kina ɗinki a kwance. Ni na sa ya karkace, tsalle nake yi."

"Ke ce kuwa. Na ce taka, kika mai da ni gado."

"Shi kike so a farke?"

Maman Keziya ta shafa wurin da hannu. Uwar Zumunta ta ja ɗinkin da hannu biyu, ta ga ba ya motsi, ta tambaye ta yadda ake yinsa. Ta faɗa musu, tana jin kunya: zare biyu, a soka, a ja, a koma baya, a ƙulle.

"To shi ke nan," in ji Goggo. "Gobe kowa ta zo da allurarta. Ke kuma ki kwanta ki koya mana ciwon."

Haka aka yi. Kwana biyar mata suna kewaye da zani a inuwar mangwaro. Maman Keziya tana kwance a tabarma da dogon kara a hannu, ita ce malama. Wadda duk ta ga hannunta ya fara gudu, sai ta taɓa ta da kara. Uwar Zumunta, wadda ko fasto ba ya katse ta in tana magana, ta sha kara ya fi sau goma.

"Mama, koma baya," in ji Maman Keziya.

"Ai ya kama."

"Haka ni ma na ce shekara ashirin. Ki yi kamar gwiwarki na ciwo."

Goggo Afiniki kuwa a kwance rub da ciki ta yi nata, wai don ta kwaikwayi malama sosai. Kowa dai ya san zama ne bai yiwuwa gare ta tukuna.

Ranar biki aka ɗauko Maman Keziya a kujera aka ajiye ta daf da ƙofar gidan ango. Aka shimfiɗa zani, Keziya ta zauna, mata suka kama, suka ɗaga. Uwar ta kafa wa zanin ido. Suka yi taku ɗaya, biyu. Da waƙa ta yi daɗi, matan nan ba su tsaya a ɗagawa ba, suka cilla amarya sama har sau uku suna cafewa, tana ihu tana dariya, suka shige da ita. Ko zare ɗaya bai yi ƙara ba.

Da aka fito da zani za a kai kan gado, wata daga dangin ango ta kama gefensa ta ƙare masa kallo, ta taɓe baki.

"Wa ya yi wannan ɗinki haka, kamar an bi sawun mashayi a hanya?"

Maman Keziya, wadda kwana shida baya ta so a sa masa reza, ta ɗaga kumburarren hannunta sama yadda kowa zai gani.

"Ni ce."

"In kina shakka shiga ki gwada," in ji Goggo Afiniki. "Ni na riga ki."

To, ga ma'anar wannan misali, ku buɗe kunne, ban da gyangyaɗi a bencin baya. Ni aji biyu na yi a makaranta, malamin ya ga na kusa fin shi sani ya ce in tafi gida, amma wannan na gane shi sarai.

Zanin nan shi ne zaman da kowannenmu yake ɗinkawa a duniya, wanda wata rana 'ya'yanmu za su ɗora nauyinsu a kai. Ɗinkin keke shi ne aikin da muke yi ranar da muke ji da kanmu. Addu'ar safe a guje, gaisuwa a guje, yaro yana maka magana ka ce bari in dawo. Daga nesa layi ya miƙe, kowa yana yabo, ba a ƙulle ko'ina ba. Ɗinkin allura kuwa shi ne ɗan abin da mutum yake iya yi ranar da ƙarfi ya ƙare, yana yi yana kiran Ubangiji don ya san hannunsa kaɗai ba zai kama ba.

Ban ce ciwo abu ne mai daɗi ba. Mai ciwo ya sha maganinsa, ya je asibiti, mu kuma masu ƙafa mu ɗauki allurarmu mu je mu zauna kusa da shi, kamar matan nan takwas. Mu tafi da kunnenmu kuma, don mai yiwuwa wanda ke kwance shi ne malamin.

Amma ke da kike kwance a ɗaki kina jin ƙararrawar coci, kina cewa shekarar nan ban yi wa yarana komai ba, da ke nake. Ranar da ba ki iya dafa tuwo ba, kika kira yarinya ta zauna kusa da ke kuka yi hira, an soka allura. Ranar da addu'arki ba ta wuce "riƙe min" ba, an yi ƙulli. Kin ga ya karkace, kina so ki ɓoye. Ajiye rezar nan, 'yata.

Ranar da za a ɗaga mu a shiga da mu gidan Ubanmu, shi ya san inda zanin yake da ƙarfi.